'Yan Matan Bakin Tafki

Takardun malaman Kano ne suka kai ni Evanston, wani gari da ke manne da Shikago ta arewa, a gaɓar Tafkin Mishigan. A ɗakin karatu na Herskovits, cikin Jami'ar Northwestern, aka adana littattafan Malam Umar Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Kano da ya rasu a 1962, rubutun hannu sama da dubu uku, na Larabci da na ajami. Na sauka can a watan Satumba na 2006 don karatun digiri na uku, da niyyar in raba rayuwata tsakanin ɗakin kwanana da waɗannan takardu. Haka kuwa mafi yawan kwanakina suka tafi. Amma a cikin shekarun nan na shaƙu da wani abu da ban je nemansa ba, wato wasan lakuros na 'yan matan jami'a, kuma ya koya mini abin da har yau nake aiki da shi.

Wadda ta fara kai ni kallo maƙwabciyata ce a gidan haya, wata dattijuwa Ba'amurkiya, malamar firamare da ta yi ritaya. Ta lura hunturun farko ya kulle ni a ɗaki, ga kewar gida ta dame ni. Da ƙanƙara ta fara narkewa a 2007, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa wata rana, ta ce in ɗauko rigar sanyi mafi kauri, za ta nuna mini ƙungiyar da ba ta da na biyu a ƙasar. Filin, wanda a lokacin suke kira Lakeside Field, yana dab da ruwa. Iskar tafki tana ratsa ƙashi, benci na ƙarfe ne, 'yan kallo kowa ya lulluɓa da bargo. A cikin fili kuwa 'yan mata ne sanye da kaya masu launin shunayya, suna ta zufa a wannan sanyin.

Kowane ɓangare mutum goma sha biyu ne har da mai tsaron gida. Kowace 'yar wasa tana riƙe da sanda mai 'yar raga a kai, da ita ake cafe ƙwallo, a ruga da ita, a jefa wa 'yar'uwa, a harba cikin gida. Ƙwallon ta roba ce mai tauri, ruwan ɗorawa, daidai cikin tafin hannu. Ragar sandar mata ba ta da zurfi, doka ce ma a riƙa hango saman ƙwallon, saboda haka wadda ta yi gudu ba dabara za ta zubar. Sai ka ga suna murza sandar da wuyan hannu, dama da hagu, kamar mai burga miya, har ƙwallon ta lafe ko da ana cikin tsere. A lokacin ba mai sa hular kwano sai mai tsaron gida; sauran tabarau na waya ne a ido da roba a baki don kare haƙora. Bangazar mutum haramun ce a wasan mata, sandar abokiyar hamayya kaɗai ake iya bugawa, ita ma da sharaɗi. Abin da ya fi ɗaure mini kai a ranar farko shi ne, da alƙaliya ta busa usur, kowa sai ya ƙame a inda yake, ba mai ɗaga ƙafa har a sake busawa.

Maƙwabciyata ta ce in bar kallon raga, in zuba ido a tsakiyar fili, don a can ake cin wasa. Bayan kowane ci ana komawa tsakiya, 'yan wasa biyu su haɗa kan sandunansu, a matse ƙwallo a tsakani, da jin usur su fizga ta tashi sama, kowa ya yi kanta. A wancan lokaci babu agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta kai hari, don haka wadda ta iya kame wannan ƙwallo ta sama tana iya ci, ta dawo ta sake kamewa, ta sake ci, abokan karawa na tsaye ba su ko taɓa ba. A nan na fara ganin Kristen Kjellman, wadda aka zaɓa gwarzuwar 'yar wasan jami'o'i a 2006 da 2007. Ko wanda bai san dokar wasan ba zai gane cewa ta riga kowa sanin inda ƙwallon za ta faɗo.

A hankali na fahimci abin da ake ta wannan gumi dominsa. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara shirya gasar ƙasa ta lakuros ɗin mata a 1982, Jami'ar Massachusetts ta ɗauki kofin farko. A zamanin da nake can, ƙungiyoyi 16 ake tacewa a watan Mayu, a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, huɗun da suka rage su haɗu a gari ɗaya a ƙarshen wata, a yi wasannin kusa da na ƙarshe ranar Juma'a, na ƙarshe ranar Lahadi. Tun daga farko har zuwa 2004 kofin bai taɓa barin jihohin gabas ba. Jami'ar Maryland ita kaɗai ta ɗauke shi sau bakwai a jere, daga 1995 zuwa 2001, a hannun koci Cindy Timchal. Virginia da Princeton da Penn State da Temple su ma sun taɓa. A tsakiyar ƙasa, inda muke, yara ƙalilan ne suka taɓa riƙe sandar.

Northwestern ma ta taɓa samun ƙungiya, Timchal ɗin ce ma ta fara horar da ita, amma aka rushe ta a farkon shekarun 1990. Sai a 2002 aka dawo da ita cikin manyan ƙungiyoyin jami'a, aka damƙa ta ga Kelly Amonte Hiller, wadda ta ci kofi sau biyu tana 'yar wasa a Maryland, kuma ko shekara talatin ba ta kai ba. Gwanayen gabas ba sa sha'awar zuwa bakin tafki mai sanyi su shiga ƙungiyar da ba ta da suna. Sai Amonte Hiller ta nemi 'yan mata masu gudu da juriya, ta ce sanda ita za ta koya musu. Labarin da kowa ke bayarwa a Evanston shi ne na wasu tagwaye, ɗaliban jami'ar, da ta gani suna gudun motsa jiki a titi, ta tsayar da su ta gayyace su, alhali ba su taɓa wasan ba. A kakar farko an fi cin ƙungiyar fiye da yadda ta ci. A 2005 ta buga wasa 21 ba wanda ya doke ta, ta ci Virginia 13 da 10 a Annapolis, tagwayen nan na cikin waɗanda suka ɗaga kofin. Wannan ne karo na farko da kofin lakuros na NCAA, na maza ko na mata, ya tsallaka zuwa tsakiyar ƙasa. Amma abin da jaridu suka fi yayatawa a lokacin shi ne cewa wasu daga cikin 'yan matan sun je gaida Shugaba George W. Bush a Fadar White House sanye da silifa. Maƙwabciyata ba ta taɓa tuna wannan ba tare da ranta ya sosu ba: an bar aikin shekara huɗu ana zancen takalmi.

A shekarata ta biyu aka ba ni aikin taimaka wa wani farfesa da duba ayyukan ɗalibai, sai ga ɗaya daga cikin 'yan wasan a rukunina. Takan shigo ajin safe gashinta da sauran danshi, ta riga ta yi atisaye tun kafin gari ya waye, wani lokaci da ƙanƙara ɗaure a gwiwa cikin leda, damatsanta duk tabon sanda. Ta zauna a layin gaba, ta buɗe littafi. In za su yi tafiya zuwa gabas, takan zo ofis tun kwanaki kafin ranar, ta miƙa aikin da bai ma kai lokacin karɓa ba. Ba ta cikin taurarin ƙungiyar. A wasu wasannin sai an kusa tashi ake sa ta. Na taɓa tambayarta abin da take fatan samu, tunda wasan ba ya kai mace ga albashi bayan jami'a. Ta ce ta san haka tun tana ƙarama, aikin lafiya za ta karanta, amma a fili ne ta koyi yadda ake faɗuwa a gaban jama'a a tashi a ci gaba, da yadda ake dogara da wata a kuma zama abin dogaronta. Na daɗe ina juya wannan amsa a raina.

Maƙwabciyata ce ta nuna mini tushen abin. Ta ce a lokacin da take sakandare, a makarantarsu yara maza ne ke da fili da koci da motar tafiya gasa, mata kuma su tsaya a gefe suna tafi. Abin ya sauya ne da dokar ilimi ta 1972, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu. Sashenta na tara, wanda suke kira Title IX, ya haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Kafin dokar, 'yan matan da ke wasanni a sakandaren Amurka ba su kai 300,000 ba. Yau sun haura miliyan uku. Ba a samu hakan da daɗin baki ba, an sha shari'a da ja-in-ja shekara da shekaru. Ruwa ba ya tsami banza. Filin da muke zaune a kai, da kocin da ake biya, da tallafin karatun da ɗalibata ke samu, da jirgin da ke kai su gabas, duk wani ne ya zauna ya yanke shawarar cewa gudun 'ya mace ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Shekaru uku na farko ban san ƙungiyar da komai ba sai ɗaukar kofi. A 2007 suka ci Virginia 15 da 13 a wasan ƙarshe a Philadelphia. A 2008 Jami'ar Pennsylvania ce kaɗai ta doke su a kakar, suka haɗu da ita a wasan ƙarshe suka rama, 10 da 6. A 2009 suka buga wasa 23 ba faɗuwa, suka sha da ƙyar a hannun Pennsylvania ɗin a wasan kusa da na ƙarshe, 13 da 12 bayan ƙarin lokaci, sannan suka lallasa North Carolina 21 da 7. Kofi biyar a jere ke nan, daga 2005 zuwa 2009. Tauraruwar waɗannan shekaru ita ce Hannah Nielsen, 'yar Ostireliya, wadda takan tsaya a bayan gidan abokan hamayya tana jiran 'yar'uwarta ta kutso, ta aje mata ƙwallo daidai bakin sanda. Ta fi jin daɗin ta bayar a ci da ta ci da kanta, kuma ita ma sau biyu aka zaɓe ta gwarzuwa. Duk waɗannan wasannin ƙarshe a talabijin na kalle su, a falon maƙwabciyata.

A 2010 muka ce gani ya kori ji. Muka yi tafiyar yini guda a mota, ta Indiana da Ohio da Pennsylvania, zuwa Towson, a arewacin Baltimore. A wannan yanki lakuros ya zama ruwan dare. A Baltimore ɗin ne wasan mata ya kafu a Amurka, lokacin da Rosabelle Sinclair ta kafa ƙungiya a makarantar Bryn Mawr a 1926, bayan ta koyo shi a makarantar St Leonards ta Sukotland, inda 'yan mata suka fara buga shi a 1890. Tun daga wurin ajiye motoci muke cin karo da ƙananan yara mata, wasu ba su wuce shekara bakwai ba, kowacce da 'yar sandarta, suna jefa wa juna ƙwallo a tsakanin motoci, iyaye maza na biye da su riƙe da jakar ruwa. 'Yan kallo sun kusa dubu goma, mafi yawansu cikin jajayen kayan Maryland, don gidansu aka zo. Kocin Maryland, Cathy Reese, tare suka yi wasa da Amonte Hiller a ƙarƙashin Timchal. 'Yan gida ɗaya ne suka fuskanci juna.

Kafin mu gama gyara zama Northwestern ta ci shida, Maryland ba ko ɗaya. Ɓangarenmu ya kaure da ihu, mutane har sun fara lissafin kofi na shida. Ni kuwa idona na kan 'yan Maryland. Ba wadda ta yi wa wata tsawa, ba wadda ta yar da sanda. Suka taru, suka saurari kocinsu, suka koma tsakiyar fili, suka fara kame ƙwallon sama ɗaya bayan ɗaya. A hankali suka farke, suka wuce gaba, aka tashi 13 da 11. Kofinsu na farko ke nan tun 2001. 'Yan matanmu suka jeru, hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau, suka bi layi suna gaisawa da waɗanda suka kayar da su, sannan suka juyo wajenmu suka tafa mana, mu da muka zo daga nesa. A ranar na fi girmama su fiye da duk ranakun da suka ci. Shekarar da ta biyo suka karɓe kofin daga hannun Maryland, 8 da 7, a 2012 kuma suka ci Syracuse 8 da 6. Labarin wannan na ƙarshe a gida ya same ni, ta intanet.

Akwai abin da ban iya kau da kai daga gare shi ba a filin Towson: kusan kowa farar fata ne, kuma daga gidajen masu hali. Sanda da kuɗin kulob da tafiye-tafiyen gasa sun fi ƙarfin talaka. Asalin wasan kuwa na 'yan asalin ƙasar ne, musamman ƙabilun Haudenosaunee, irin su Mohawk da Onondaga da Seneca, waɗanda ke ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci kuma magani ga al'umma. Kyautar gwarzon shekara ma, Tewaaraton, da harshen Mohawk aka raɗa mata suna. Duk da haka, a watan Yulin wannan shekara ta 2010, ƙungiyar Haudenosaunee ta maza ba ta samu halartar gasar duniya a Manchester ba, saboda Birtaniya ta ƙi amincewa da fasfo ɗinsu na ƙabila. Dokar 1972 ta buɗe ƙofa babba, amma ba kowa ne ya samu shiga ba, kuma duk mai ƙaunar wasan bai kamata ya ɓoye wannan ba.

Da muka dawo na kira mahaifiyata, na ba ta labarin filin da yaran da sandunansu. Ta saurara, sannan ta ce, "'Yar nan, kin tuna mini da ƙawarki ta makaranta, mai gudun nan. Ko ina take yanzu?" Na ce, "Inna, tana nan lafiya da iyalinta." A makarantar kwana ta 'yan mata da na yi, akwai wata yarinya da ba wanda ya taɓa ganin bayanta a tsere sai daga nesa. Ba da takalmi take gudu ba, a fili mai tsakuwa. Sau ɗaya a shekara ake gasar gidaje, a ba ta bokitin roba da sabulu, shi ke nan sai baɗi. Ba wanda ya taɓa riƙe agogo ya rubuta lokacinta, ba malamar da aikinta ne ta horar da ita, ba wata gasa a gaba da za a kai ta. Baiwarta ba ta gaza ta tagwayen Evanston ba. Bambancin kawai, su sun gamu da wadda ta tsayar da su a hanya, kuma a bayan wannan mata akwai fili da kuɗi da doka.

Wasan ya sauya tun bayan tahowata. Tun 2017 akwai agogon daƙiƙa 90 da ke tilasta hari, an kuma daina ƙamewa da jin usur. Northwestern ta sake ɗaukar kofin a 2023, har yanzu a hannun Amonte Hiller, kuma lakuros zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Ina bin labarinsu da ƙauna, amma ba na cewa a kawo wa 'ya'yanmu sandar lakuros ko irin shigar 'yan wasanta. Muna da suturarmu, makarantun 'yan matanmu kuma da yawa suna da katanga da malamai mata, abin da ya isa a yi gudu da tsalle da ƙwallon hannu cikin mutunci. Abin da muka rasa bai wuce abu huɗu ba: filin da ba za a yanka a yi shaguna ba, malamar wasanni da ake biya, gasa mai ranar da ba ta tashi tsakanin makarantu, da littafin da ake rubuta sunan wadda ta ci da lokacinta. Shi ya sa duk taron iyaye da malamai da na halarta, in aka zo kan kasafin kuɗi, nakan ɗaga hannu in tambayi nawa aka ware wa filin 'yan mata, kuma ba na zama sai an ba ni amsa.